Zélie, Zaitun Ɗinki Sun Yi Toho

Maussane, 11 ga Mayu

Zuwa ga Zélie, hasken idona, sanyin zuciyata, rijiyata a tsakiyar zafi, inuwar da nake fakewa idan rana ta take. Gaisuwa da bege irin wanda takarda ba za ta iya ɗauka ba, daga Baptistin naki, wanda kike kira Titin, mai zanen da garin nan ya gaji da yi wa dariya.

Jiya yayanki Clovis ya aiko wa mutanen gari cewa ran ashirin ga wata za ku hau jirgin ruwa zuwa Oran, ke da shi, ba dawowa. A bakin mai burodi na ji, Zélie! Ina riƙe da burodi aka gaya mini za ki tsallaka teku. Haba masoyiyata, me na yi miki da zafi haka?

Na san abin da ya kore ki. Sanyin bara ya ƙone zaitun arba'in da bakwai na gonarku, ɓawonsu ya tsattsage, babanki ya tsaya ya kalle su, ya koma gida ya kwanta, bai ƙara tashi daga gado ba. Ranar da muka binne shi kika ce ba ki son sake ganin gonar, kika tafi Marseille kina aikin yanka sabulu a masana'anta. Ban hana ki ba, don ni ma a lokacin ba ni da abin da zan nuna miki.

Kin tuna ranar da muka fara magana? Lokacin tsinkar zaitun ne, kina kan tsani, iskar arewa tana neman tsige miki ɗankwali. Ni kuwa na kafa turaku na ɗaure allon zanena da igiya kamar akuya. Kika sauko kika leƙa, kika riƙe ƙugu kika ce, "Kai malam, yaushe ƙasar babana ta yi ja haka, kamar an yanka rago a kai? Inuwa kuma shunayya? Ko dai idonka ne ba lafiya?" Na ce ki dubi ƙarƙashin bishiyar, kada ki ƙifta. Kika duba har hawaye ya zubo miki, sannan kika ce a hankali, "To, akwai ta kaɗan. Amma dai kai maƙaryaci ne." Wallahi ba a taɓa zagina na ji daɗi irin na ranar ba.

Bayan tafiyarki ni da tsoho Anselme, maƙwabcinku, muka ɗauki zarto muka sare su duka daga tushe, yadda ake yi. Ina yanka ina kuka, shi yana yi mini tsawa: "Yanka ƙasa-ƙasa, ɗan fenti! Tausayi ne ke kashe su!" Wata uku ban taɓa buroshi ba. Da zaman ɗaki ya ishe ni sai na koma gonar, na zauna cikin kututturan nan baƙaƙe ina zana su, yau wannan, gobe wancan. Matan gari suka ce na zare, wai wasu na zana furanni ni ina zana itacen girki. Su faɗa! A can ne kawai ƙirjina ke sakina in yi numfashi. Babban dutsen da ake hangowa daga gonar yana nan inda yake, ƙasar tana ɗumi a tafin hannu, kuma a kowane kututture ina ganin mu biyu, an sare mu amma ba a tumɓuke mu ba.

Zélie, rabin raina, sun yi toho! Arba'in da ɗaya cikinsu! Tun bara suka fara leƙowa, na yi shiru don tsoron kada sanyi ya dawo in zama na yi miki albishir na banza. Sanyi ya zo ya wuce, suna nan, yanzu sun kai mini ƙugu, ganyensu kore ta sama, azurfa ta ƙasa, iska na juya su kamar ana tafa hannu.

Ga zanen nan na naɗe tare da wasiƙar, ki buɗe a hankali don fentin bai gama bushewa ba. Zan faɗi laifina da kaina: sama ba ta kai ruwan ɗorawa haka ba, ni na ƙara mata, don haka nake jin ta idan na tuna ki. Dutsen ma na jawo shi kusa, ya tsaya a bayan gonar kamar uba. Amma tohon, ko ɗaya ban ƙara ba. Ragewa ma na yi, don kada ki ce na fara halin nawa.

Yanzu ga abin da ya sa nake roƙonki. Kowane kututture ya fitar da toho goma, wani ashirin, kuma lokaci ya yi da za a zaɓi uku ko huɗu a bari, a yanke sauran, in ba haka ba su shaƙe juna. Na ce wa Anselme mu yi, ya ɓoye wuƙarsa a aljihu ya ce, "A'a. Mai gona ke zaɓa. Wanda ta bari yau, shi jikokinta za su hau." Gaskiyarsa. Ni in na yi kuskure a zane, kankarewa nake in sake. Wannan kuwa in aka yanke an yanke, shekara ɗari yana tsaye yana nuna hannun wanda ya zaɓa. Ya zan yi wannan da hannun da bai san komai ba sai launi?

Ban ce ki zo domina ba, ko da yake Allah ya sani ina so. Ki zo ki tsaya a gonar babanki yini ɗaya tak, kafin jirgin. In kin gani kin ce har yanzu Oran, ni zan ɗaukar miki akwati har bakin teku, ba za ki ji ƙorafi a bakina ba. Keken dokin da ke kawo matafiya daga Arles yana isowa ran Asabar da hantsi. Zan tsaya a bakin rijiyar dandali, wannan Asabar da mai bi mata, ba allo, ba buroshi, hannuwana biyu a sake dominki.

Naki, yau da gobe, har a sa ni a ƙasar nan,
Baptistin