Kada Ki Shiga Ruwan, Bintu

Kwaciri, Fagge, Kano. Yau Juma'a, da hantsi. Ƙafafuna sun fi jiya kumburi, takalmi ya ƙi shiga, numfashi kuma sai na jingina da bango yake daidaita. Duk da haka na ɗauki alƙalami.

Zuwa ga Bintu, sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan randata, fitilar da ta rage mini a gidan nan. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya saba da jin motsinki a tsakar gida, yau kuma ba ya jin komai sai ƙarar Keke Napep a titi.

Tun ranar da kika goya tsohuwar jakarmu kika hau motar Okechukwu direban Ikko a Sabon Gari, gidan ya zama kamar rijiyar da ta ƙafe. Na ce kada ki je, kika yi dariya. Kika ce ƙawarki Veronica mai manja ta rantse miki cewa da ruwan teku aka wanke ƙafafun mahaifiyarta kumburi ya sauka, kuma ba za ki zauna kina kallon nawa ba alhali kin san hanyar Ikko. Kika sa jarka a cikin jakar, da gari, da ƙuli-ƙuli, kamar yarinya za ta yawon buɗe ido. Wa ya taɓa tsayar da ke idan kin ɗaura ɗankwali irin wannan ɗaurin?

Kin tuna zuwanmu Ikko na farko, muna sababbin aure? Wannan jakar ce dai. Ni nake goya ta da safe, ke da yamma. Muka kwana a zauren wani mai goro, da rana mu yi ta tafiya a ƙasa, duk lambun shaƙatawar da ba a biya a ƙofa mu shiga mu baje a kan ciyawa mu jiƙa garinmu. Kika kalli bishiyar kwakwa kika ce giginya ce da ba ta ƙoshi ba. Har yau idan na tuna sai na yi dariya, tari ya katse ni.

Sai bakin teku. Mu da iyayenmu suka fito daga Barno, muka girma a Kano, me muka sani game da ruwa ban da kududdufi, wanda inda ka bar shi nan za ka same shi? Muka ga ruwa ya ja baya can nesa, ya bar fili mai laushi kamar an share mana. Muka shimfiɗa tabarma, kika cire takalmanki, na tayar da sallar la'asar. Kafin in yi sallama ruwa ya kai mini gwiwa, tabarma tana iyo, takalmanki sun tafi. Wani masunci yana ta ɗaga mana hannu yana ihu da yaren da ba mu ji. Kika koma masauki ba takalmi, muna ta dariya. Kwanakin nan fuskar masuncin nan nake ta gani, Bintu. Shi bai yi dariya ba.

Ya tauraruwata, ya ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, abin da yake cin zuciyata shi ne na san halinki. Ba ki taɓa ba ni ruwa mai gurɓata ba. Ko na famfo sai kin tace. A baki-baki kuwa ruwan teku duk yashi ne. Za ki duba, ki taɓe baki, ki tattare zane ki ƙara taku, ki ce can gaba ya fi kyau. Ki sake ƙara taku. Yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, jarka ta cika ta yi nauyi a bayanki, ruwan kuma yana ja baya yana kiranki kamar yadda ya yi mana a wancan karon. Wa zai ɗaga miki hannu? In ma ya ɗaga, da wane yare?

Ina roƙonki don Allah, kada ki shiga. Ki tsaya inda yashi yake a bushe. Ki nemi famfo ki cika jarkar, ki zuba gishiri, ki kawo mini. Wallahi zan wanke ƙafafuna da shi, in ce wa Veronica na ji sauƙi. Ƙafafun da ba su da inda za su je sai wurinki, me zan yi da lafiyarsu idan ba kya nan?

Rabona da muryarki tun ranar da kika ce ga ki ga teku, iska tana kwashe rabin maganarki. Daga nan duk kiran da na yi, sai muryar matar kamfanin waya ta ce ba a samun ki. Jiya na ji Okechukwu ya dawo Kano, na kira shi. Mutumin da kullum yake tsokanata da Baba Ango, jiya da sunana ya kira ni, Malam Ari, ya yi ta tambayar jikina kamar bai ji amsa ba. Ya ce yana da saƙo, amma ba na waya ba ne, zai zo da kansa yau bayan an sauko daga masallaci. Ina gaya wa kaina wayarki ce ta faɗa ruwa. Waya ai abu ne mai santsi. Idan ya zo zan ba shi wannan takarda ya kai miki hannu da hannu.

Ki dawo da jarka cike ko ba komai, da takalmi ko babu. Ban taɓa haɗa ki da kowa ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Naki ne ni a gidan nan, naki ne a inda za a kai ni bayansa.

Mijinki har abada,
Ari

An yi la'asar. Okechukwu bai zo ba, wayarsa ma a kashe. Hadari ya haɗu, ruwa ya sauko har ya fara taruwa a tsakar gida. Na rarrafa na ɗauke takalmanki daga bakin ƙofa, na ɗora su kan taga inda ba zai kai ba.