Na Auna Rim da Rulata, Mijin 'Yata Ya Ɗauke Ƙafa

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Yau Asabar, da hantsi. Gwiwar hagu ta ɗan sassauta mini, amma tarin nan na mako uku bai gaji ba, idona kuma ya yi rauni, sai ka yi haƙuri da rubutun. Taimako nake nema. Na ga kana ba mutane amsa a kan aure da rigimar maƙwabta, ban sani ba ko ka san mota. In ba ka sani ba ka tambayo mini wanda ya sani, don maganar daga taya ta fara, yanzu kuwa ta wuce taya.

Ni tsoho ne, na ba saba'in baya da daɗewa. Shekara talatin da huɗu na yi ina zanen taswira a ofishin safiyo, a zamanin da ake zane da hannu, in layinka ya kauce da kaurin gashi sai a dawo maka da takardarka. Na faɗi haka ne don ka san ba yau na fara awo ba. Uwar yarana ta rasu shekara shida ke nan. Mazan suna nesa, sai dai waya. Auta ce kaɗai kusa da ni, ita kuma aikin asibiti ya riƙe ta. Mijinta, wanda malamin makaranta ne, shi ke zuwa duk Asabar a kan babur ɗinsa. Ya duba mini ƙwan lantarki da famfo, ya tada motata, ya kai ni gidan Yayata da ba ta iya fita, mu sha hira, mu dawo. In ka cire Asabar, sauran kwanakin daga ni sai rediyo.

Motar ƙarama ce, ruwan toka, sabuwa na saye ta tun Auta tana firamare. Ido ya hana ni tuƙi, babur kuma ba na iya hawa, saboda haka ita ce ƙafata, Malam kuma, wato mijin Autar, shi ne direban.

Wata guda da ya wuce muka faɗa wani rami, rim ɗin gaba, wato ƙarfen nan da taya ke hawa kansa, ya lanƙwashe. Mai facin bakin titinmu ya buga, ya buga, ya ce wannan ya gama aikinsa, sauran ukun ma tsatsa ta cinye bakinsu, shi ya sa iska ke zurarewa. Har ya yi mini tsiya wai rim ɗin sun girme shi. Malam ya ce shi zai sake duka huɗun har da tayoyinsu, kyauta daga gare shi. Ya nemi ya ɗaure guda a bayan babur ya tafi da shi kasuwa a gwada. Na hana. Na ce ina amfanin jigilar ƙarfe alhali ga mai awo a zaune?

Na sa mai faci ya cire tayar wani rim mai lafiya, aka ɗora mini shi a kan teburin baranda. Na ɗauko rulata ta katako, wadda na yi aiki da ita tun ina sabon ɗauka. Daga baki zuwa baki, inci goma sha biyar da 'yar ɗoriya. Faɗi, shida da rabi. Ramukan noti huɗu, na auna tazararsu. Na zana shi ta sama, na zana shi ta gefe, da kibiyoyi da komai, na sa hannu a ƙasa. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya ce bai taɓa ganin zane mai kyau haka ba.

Asabar ta zagayo ya zo da rim huɗu masu ƙyalli irin na samarin zamani. Ba su burge ni ba, amma kyauta ce, na yi godiya. Da aka ɗaura sai na ga motar ta yi tsayi kamar ta sa takalmin aro. Muna karya kwanar farko na ji ƙurrr daga gaba, kamar ana yankan katako. Duk tudun da muka hau, tayoyin baya su ma su amsa. Da muka isa, Yaya ta leƙo ta taga tana tambaya ko injin niƙa muka hawo. Muna dawowa gida na shafa gefen tayar, na ji robar ta fara gogewa.

Washegari na durƙusa, da ƙyar, na ɗora rulata a kan sabon rim. Goma sha shida da 'yar ɗoriya. Na goge tabarau na sake. Sha shida. Sau uku.

To ka san ba zan iya duban idon mijin 'yata in ce ya yi kuskure ba. Sai na yi abin da aka koya mana. Na jawo tafiretata na buga masa takarda, da kwanan wata, da kan magana mai ja-layi, da sakin layi huɗu masu lamba. Na nemi ya bayyana mini a rubuce, cikin kwana bakwai, yadda aka yi sha biyar ta koma sha shida. Na aika wa Auta kwafi. A ganina takarda ce mai ladabi, don da “naka mai ƙaunarka” na rufe ta.

Auta ta kira ni. Da farko dariya take yi, daga baya ta daina. Ta ce sha biyar ne rubuce a jikin kwalin da rim ɗin suka zo a ciki, ta gani da idonta, kuma mijinta ba masinjan ofishina ba ne. Na ce kwali ba ya awo. Shi kuwa Malam bai ce uffan ba. Asabar biyu ke nan bai zo ba, ya aiko wai yana duba takardun jarrabawa. Ni ma na yi makaranta, na san ba a jarrabawa a wannan watan. Yaya ta kira sau uku tana tambaya ko mun mutu ne ba a gaya mata ba.

Ga abin da nake so in sani. Cutarsa aka yi a kasuwa, ko sakaci ya yi? Ana iya ci gaba da hawa a haka? Mai faci ya ce in na yarda zai sa guduma ya buɗa ƙarfen da ke saman tayar, ƙarar ta ɗauke. In bari? Sannan, wanda ya fi damuna, yaya zan yi ya dawo ba tare da na ce rulata ta yi ƙarya ba? Don ba ta yi ba.

Naka,
Tsohon Mai Zane

Ƙarin bayani: Auta ta ce wataƙila ya zo yau. Tun safe na sa riga da hula, na fito da kujera biyu baranda. Yanzu an yi la'asar, babur huɗu sun wuce, babu nasa. Bai zo ba.

*

Baba Mai Zane,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Tarin mako uku kuma a gaya wa Auta, aikinta ne.

Na ɗauki wasiƙarka na kai wa wani tsohon bakanike da nake yarda da shi. Bai kai ƙarshen shafin farko ba ya fara murmushi, ya ce ba kai ne na farko ba. Rularka ba ta yi ƙarya ba, Baba. Malam ma bai yi ba, kwalin ma haka. Wurin da ka ɗora rular ne ba nan ake ɗorawa ba. Masu ƙera rim ba sa lissafa leɓen nan na waje. Suna aunawa ne daga ciki, daidai inda bakin taya ke zama. Leɓen kuwa yana ƙara kusan rabin inci ta kowane gefe. Saboda haka rim ɗin da ka auna sha biyar, sunansa sha huɗu a kasuwa, faɗin da ka samu shida da rabi kuma biyar da rabi ne. Malam ya miƙa zanenka a shago, aka ba shi sha biyar cif kamar yadda ka rubuta, ka ɗora rula ta ba ka sha shida. Kowa ya yi gaskiya, mota ce ta sha wahala.

Sai batun hawa. A ajiye ta tukuna. Tayar da ke gogar ƙarfe gefenta take ci, kuma gefen shi ne wurin da ya fi rauni a jikin taya. Ranar da za ta fashe ba za ta yi sallama ba. Mai faci kuma a gode masa, ya mayar da gudumarsa. Ba a fasa ƙofa don an sayo gadon da ya fi ta faɗi, ballantana motar da ka riƙe tun Auta tana firamare.

Amsar da kuke nema tana jikin motar tun ranar da ka saye ta. A buɗe ƙofar direba a duba ginshiƙin, galibi akwai 'yar takarda manne da ke ɗauke da girman taya da yawan iskar da ake ba ta. In ta goge, a ɗaga safayar, wato tayar ajiya da ke cikin but ɗin motar, matuƙar ta asali ce. A gefenta za a ga lambobi uku a jere, misali 175/65 R14. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu kaurin gefenta, ta ƙarshe girman rim. A bayan rim ɗin ma akan buga nasa lambobin a jikin ƙarfe. Waɗannan za a kwafa, ko ma a tafi da safayar gaba ɗaya.

Daga nan hanya biyu ce. Ko a roƙi mai shagon ya musanya rim ɗin da na asalin girman, ko a bar su a sa musu taya mai siririn gefe, yadda tsayin ƙafar gaba ɗaya zai dawo daidai da na da. Ta biyun tana yiwuwa, amma siririyar taya ba ta shanye rami, duk abin da ta taka sai ƙugunka ya ji. Ga mai shekarunka, ni na farkon zan zaɓa. Kowacce aka bi, bakaniken ya ce a lura da abu uku da ido ba ya kamawa. Ramuka huɗu ba duka ne tazararsu ɗaya ba, in noti yana shiga da gardama kada a tilasta shi. Ramin tsakiya ya zauna daram a kan cibiyar ƙafar. Sannan zurfin rim ɗin, don wani yana turo taya waje, wani yana shigar da ita har ta taɓa ƙarfen ciki. Kafin a bar shagon a murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a zaunar da mutane a baya, a ɗan zaga a saurara. A kuma duba lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka yi tayar, don akwai wadda ta tsufa a shago ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Malam yana da nasa kason. Da ya gaya wa mai shago irin motar, da an gano tun a can. Kuma shirun mako biyu ga dattijon da ke jiransa bai dace ba. Amma ka tuna ya so ya tafi da rim ɗin ka hana, ya girmama zanenka har bai ga dalilin tambayar kowa ba. Mutum ya yi maka alheri, sai ga takardar tuhuma da wa'adin kwana bakwai, har da kwafi ga matarsa. Me zai rubuto? In ya ce shi ne da laifi ya yi ƙarya, in ya ce kai ne ya yi wa surukinsa rashin kunya. Ina jin ba fushi ne ya hana shi zuwa ba, rasa abin faɗa ne.

Kai kaɗai za ka iya fitar da shi daga wannan tsaka mai wuya. A rufe tafireta. Kada a bi ta wurin Auta, ta gaji da zama gada. Ka ɗauki waya ka kira shi da kanka, ka ce ka gano inda awon ya kauce, daga wurinka ne, kuma takardar nan a yaga ta. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, zai ma riga ka ba da haƙuri. Sannan ka ce kana buƙatarsa ya zo ya karanta maka 'yar takardar jikin ƙofa, tunda rubutun ƙanana ne. Mutum ya fi saurin zuwa inda aka ce ana buƙatarsa.

Kada ka jira wata Asabar, Baba. Yau ɗin nan, da ka ajiye jaridar. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya daidaita tsakaninku, ya sa ku hau lafiya ku sauka lafiya.