Muryar Wasila a Wayar Matata

Zuwa ga ɗan ƙanena Lutfi, a Safakis.

Bayan gaisuwa da fatan mahaifiyarka da yara suna lafiya, wajibi ne in gyara wani kuskure a saƙonka. Ka ce muryar uwargidana Wasila ta ɓace daga wayar matatar man zaitunmu tun da aka sauya na'urar amsa kira. Ba ta ɓace ba. Fayil ɗin da na'urar ke karantawa idan ta tashi ne bai san inda aka ajiye muryoyi ba, shi ya sa wata baƙuwar murya ke yi wa masu kira maraba da Faransanci. Layin rubutu ɗaya za a ƙara a fayil ɗin, kuma kafin umarnin tayar da waya zai zo, ba bayansa ba. Kada ka yarda mai gyara ya goge komai ya ɗora sabo, domin marigayiya ba ta bar mana wata murya ba sai wannan.

Ni a Doha lafiya lau, alhamdulillahi. Likita yana da kyakkyawan zato game da idona na hagu. Gidan dai yakan yi shiru idan ɗiyata Salma ta tafi aiki, sai in kira matatar. Har takan zolaye ni: "Baba, yau ma man zaitun za a saya?"

Na haɗo da takardar layin, ka kula da kowane ɗigo. Da maganin gwiwar mahaifiyarka. Da roƙo ɗaya: idan lambata ta fito, kada kowa ya ɗauka sai Wasila ta gama magana.

Baffanka,
Munsif