Inna, Sunan Da Ke Kan Lasina

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Hadiza da yara suna lafiya. Mai sunanki ta shiga aji biyu, kuma ta ɗauko bakinki tsaf, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Damina ta yi kyau a Zugu, gero ya yi, dawa ce dai ta ɗan sha ruwa.

Na san ba a aika wa mutanen kabari takarda, kuma ko kina raye sai an karanta miki. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, ke kaɗai ce ta dace da ita. Wanda ya tsinci wannan ya karanta, ya yi mini uzuri.

Inna, wata biyu da suka wuce wani kamfanin sufuri ya kawo sababbin bas-bas da za su riƙa jigila daga Gummi zuwa Gusau, ta Anka. Suka ce suna neman direbobi. Albashi ne duk wata, mota tasu, gyara nasu, ranar hutu guda a mako. Kin san shekara goma sha ɗaya ina jan Fijon mutane, yau wannan ya karɓe mukulli, gobe wancan ya sayar da motar ban sani ba. Bayana ya fara ciwo. Na ce wannan aikin nawa ne, in Allah Ya so.

Sai dai ba irin neman aikin da muka saba ba ne. Mu a tasha wani ne zai kama hannunka ya kai ka gaban mai mota ya ce ya san ka, shi ke nan. Su kuwa takarda suke so, wadda 'yan boko ke kira sibi. A ciki za ka rubuta kanka gaba ɗaya: sunanka, na mahaifinka, inda ka yi karatu, motocin da ka ja, da mutum biyu da za su tsaya maka. A miƙa kafin Juma'a.

Na je wurin Malam Isa, mai tafireta da ke zama gindin dalbejiya a bakin kotun Gummi. Da kin ga yadda muka kwashe da shi da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Na ce ya rubuta cewa da kunne nake gane kabireta ta ƙazantu, kuma na san kowane kwalbati da ruwa ke haurewa a watan Agusta daga Daki Takwas har Nasarawa Burkullu. Ya ce babu gurbin wannan. Ya tambaye ni abin da nake sha'awar yi in ina hutu, na ce barci. Ya buga wani abu da Turanci, na ce ya fassara mini, wai karatu da tafiye-tafiye. Direba, Inna, wai tafiye-tafiye ne hutunsa.

Dariyar ta ƙare ne da ya ce in fito da takarduna. Ya shimfiɗa su a kan benci, ya dubi wannan ya dubi wancan, sannan ya cire tabarau ya dube ni.

Takardar firamare ta ce Umaru Zugu, don hedimasta da sunan gari yake rubuta kowa. Wannan bai dame shi ba. Lasin tuƙi ne matsalar, shi ya ce Umaru Labbo. Ni kuma da bakina na faɗa masa sunan mahaifina Bawa.

Kin san Alhaji Labbo, Allah Ya jiƙansa. Ke kika kai ni gare shi ranar kasuwar Gummi, bayan Baba ya rantse ba da yawunsa zan bar gona in bi mota ba. Ina tuna abin da kika ce mini a bakin tasha kina gyara mayafi: “Tahi abinka, ni ka ji da babanka. Amma ka sani, ubanka na, ko shi yi hushi ko shi bari.” Na ce to, hankalina yana kan motar.

Alhaji ya riƙe ni riƙon ɗa. A gidansa na ci, a zaurensa na kwana, shi ya ɗora hannuna a kan sitiyari. Duk tasha Umaru na Labbo ake ce mini. Da lokacin yin lasin ya zo, wani ɗan ƙungiyar direbobi ne ya tattara hotunanmu ya tafi Gusau. Bai tambaye ni komai ba, abin da ya ji ana kirana ya rubuta.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ranar da lasin ya zo na ga kuskuren, kuma daɗi na ji. Na ce a raina wanda ya hana ni bai kamata sunansa ya hau kan abin da na samu ba. Sau uku ina sabunta lasin nan, ko sau ɗaya ban ce a gyara ba.

Malam Isa ya ce hanya biyu ce. Kamfani ya sharɗanta sunan mahaifi ya yi daidai da na lasin. Ko dai in shiga kotun nan da ke gabanmu in yi takardar rantsuwa cewa Labbo ne sunan mahaifina, kafin azahar an gama komai. Ko kuma in nemi canjin lasin a Gusau, wanda zai ci makonni, Juma'a ta wuce ni. Ya ce mutane da yawa na farkon suke yi, kuma tsoho a Zugu da ba ya karatu ina zai ji.

Wallahi Inna na shiga. Har alwala na yi. Na zauna a kan benci ina jiran a kira ni, ina kallon Alƙur'ani a naɗe cikin farin ƙyalle a kan teburin magatakarda. Ina tunanin bas mai sabuwar taya, ina tunanin Hadiza da ta riga ta gaya wa maƙwabta. Sai kuma tunaninki ya shigo. Shekara talatin da wani abu kina gidan Baba ban taɓa jin sunansa a bakinki ba, kullum Malam, kullum babanku, don kunya da girmamawa. Ni kuma na ɓoye sunan don fushi, ga shi yanzu zan dafa littafin Allah in ce ba shi ba ne. Da aka kira na gabana na tashi na fita.

Na ce wa Malam Isa ya buga Umaru Bawa. Ya ce ka san abin da kake yi kuwa, na ce a'a, amma ya buga. Ya haɗa mini da wata wasiƙa mai bayanin yadda kuskuren ya faru. Na kai da kaina. Ma'aikacin kamfanin ya duba sibin, ya duba lasin, ya ajiye su a wani gefe daban da sauran.

Da aka liƙa sunaye na bi da yatsa daga sama har ƙasa sau biyu. Ba ni a ciki. An ɗauki waɗanda ni na koya wa cin kwana. Ba zan yi miki ƙarya ba, abin ya yi mini ciwo, kwana biyu ban shiga tasha ba, kuma har yanzu in bas ɗin ta wuce ni a hanyar Anka sai na kau da kai.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu na tafi Zugu da kwafin sibin a aljihu. Na sami Baba a ƙofar gida yana tufkar igiya. Idonsa ya yi rauni sosai, da murya ya gane ni. Na tsuguna na faɗa masa komai, tun daga ɗan ƙungiya har bencin kotu. Na karanta masa sibin ina fassarawa kamar yadda Malam Isa ya yi mini. Bai daina tufka ba sai da na gama, sannan ya ce in sake karanta layin sama, inda sunana da nasa suke. Na sake. Ya ce in ƙara.

Daga nan ya ce, “Na san da shi tun tuni. Ɗan Maigari yag gani ga lasin naka, wata rana da 'yan sanda sunka tsai da ku. Na so in iske ka har Gummi. Innarka tac ce in yi kurum, wai kai da kanka ka gyara shi, ita ta san ɗanta.”

Ashe kin sani, Inna. Duk zuwan da nake yi ina ajiye miki sabulu da goro ina cika baki da labarin hanya, kin sani. Kina zuba mini fura, kina tambayata lafiyar Alhaji Labbo, ba ki taɓa bari na gani a fuskarki ba. Ke kika tare shi, ke kika tsaya mini, kina jiran ranar da zan gyara. Na gyara, amma na makara, sai bayan shekara huɗu da rasuwarki. Ki yafe mini.

Baba ya karɓi takardar ya linke ta ya sa a gafakarsa. Ya ce in tsaya in ci tuwo, kuma a kwano ɗaya muka ci. Na riga na kai takardun canjin lasin Gusau, ina nan ina jan Fijon wani Alhaji kafin sabon lasin ya fito.

Allah Ya jiƙanki da rahama, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna Firdausi a kan haƙurin da kika yi da mu biyu. Allah Ya jiƙan Alhaji Labbo, Ya biya shi riƙon da ya yi mini. Allah Ya ba ni ikon kyautata wa Baba a sauran kwanakinsa, Ya haɗa fuskokinmu a inda babu rabuwa. Amin.

Naki har kullum,
ɗanki,
Umaru Bawa.