Mata Bakwai Masu Neman Waƙar Baba

Litinin, 1 ga Satumba, 2003

Kaset ɗin ya fito. Baba ya shigo da shi a aljihun gaba yana dafe da shi kamar ƙwai. Rabon ƙungiyar Bara Kidul da sabon kaset shekara goma sha huɗu, tun ina rarrafe ke nan. A hoton bango su huɗu ne, duk sun ajiye tumbi ban da Baba. Yana gefe da jitarsa, gashi har kafaɗa. Waƙa ta uku a gefe na biyu shi ya rera da bakinsa, "Hanyar Gida". Na saurara sau shida. Ban ce masa komai ba, bakina bai iya irin wannan ba.

Na jiyo su da Mama a kicin. Aikin walda yana jiransa can tsibirin Batam ƙarshen wata. Ya ce, "In mutane sun karɓa za a kira mu wasa, sai in zauna. In ba su karɓa ba, ki wasa almakashinki." Wurin gyaran jiragen ruwa ba sa ɗaukar mai dogon gashi.

Wancan zuwan da ya yi can, shekara huɗu ya yi. Da ya dawo kunyarsa na riƙa ji kamar baƙo.

Alhamis, 4 ga Satumba

Mang Dudung mawaƙinsu ya zo da mujalla yana huci. An rubuta wai tsofaffi ne suka fito neman ƙuruciyarsu a inda ba su ajiye ta ba. Ya ce, "Yaron da ya rubuta wannan ko wando bai fara sawa ba muna cika fili!" Baba ya ce, "To ai ka ga, yanzu ya sa wandon." Suka yi dariya. Ta Baba ba ta kai ido ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Kullum bayan la'asar Baba yana zama bakin rediyo, shirin gaishe-gaishen Kang Yayat. Kati kusan arba'in aka karanta yau. Mutum biyu sun nemi Bara Kidul, tsohuwar waƙar nan ta da. Sabon kaset ko ɗaya.

Talata, 9 ga Satumba

Na yi abu.

Na haƙura da bakso, miyar naman da nake saya a makaranta, na sayi katin gaisuwa a shagon Bi Icih. Ta kira sunana ta ce, "Neng Nining, an fara ke nan? Ɗan gidan waye?" Kamar ƙasa ta tsage in shige. A bayan makaranta na cike shi: daga Ratih, mai jira a tasha, a sa mata "Hanyar Gida", gaisuwa ga mai jita. Sunan daga littafin da na yi haya na ɗauko, wadda ta jira matuƙin jirgi shekara tara.

Laraba, 10 ga Satumba

An karanta! Baba yana shan shayi, sai ya ajiye kofin a hankali. Har waƙar ta ƙare bai motsa ba. Ni ina yanka tempe, wainar waken suya, saura kaɗan in haɗa da yatsa.

Laraba, 17 ga Satumba

Yanzu su biyar ne. Ratih, Sekar, wata malamar asibiti, wata bazawara daga garin Ciamis, da Melati mai ciwon zuciya. Kowacce da bironta, bazawarar da hannun hagu nake rubuta ta. Wani lokaci ina kwance sai in ji kamar da gaske suna nan, kowacce a tagarta.

Kang Yayat ya ce a rediyo, "Kai, wannan mai jita, a bar mana sauran matan garinmu Tasik mana!" Baba ya fara shafa wa gashinsa man kwakwa. Mama ta harare shi ta ce, "Tsoho da budurwar zuciya." Daga nan ta kalle ni, ta daɗe. Ban san me kallon yake nufi ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ba wanda ya kira su wasa. Na leƙa shagon kaset, guda goman da aka kawo tara suna nan, rana ta fara cin hoton.

Talata, 23 ga Satumba

Ta shida ba ta ba ni wuya ba, ta bakwai na fi wahala a kanta. Na ce bari in yi tsohuwar masoyiya ta gaske. Na tsaya gaban takardar tallar wasan da ke manne a falonmu tun kafin in yi wayo, na kwafe komai: filin Bandung, Agusta 1988. Na rubuta cewa ina can a daren, ina sahun gaba, har yau ina jin jitarsa a ƙirjina. Ni kaina sai da na yi hawaye.

Laraba, 24 ga Satumba

An karanta, Baba yana bakin rediyo. Sai ya ɗaga kai ya dubi bangon falo. Sai ya fita tsakar gida ya daɗe yana wanke fuska.

Ban gane ba. Ko bai yi daɗi ba ne?

Lahadi, 28 ga Satumba

Mama ta yi masa aski a ƙarƙashin bishiyar gwaiba. Ni na share gashin. Na ɓoye ɗan kaɗan a cikin littafi, shafi na 112.

Wuyansa fari, kamar ba nasa ba.

Talata, 30 ga Satumba

Ya tafi. A tashar mota ya dafa kaina ya ce, "Ki riƙa cin abinci a makaranta, kin rame." Duk maganar da na shirya, irin ta littafi, ta maƙale. Na sumbaci hannunsa kawai. Da jitar ya tafi. Alhali da farko cewa ya yi zai bar wa Mang Dudung.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Ban kunna rediyo ba. Ƙarfe huɗu gidan ya yi faɗi da yawa.

Talata, 7 ga Oktoba

Mama ce ta kunna, ta ƙara murya, ta ci gaba da guga kamar ba komai. Kang Yayat ya ce akwai katin da aka bar masa tun makon jiya, aka ce sai yau. Ya karanta yana danne dariya: "Daga mai walda, zuwa ga mata bakwai da ke kwana a ɗaki ɗaya a gidana. Wasan Bandung ruwa ya hana, ba a yi shi ba, takardar kawai ta rage. Amma tunda kin ce kina sahun gaba, na yarda an yi. Ba a taɓa saurarona haka ba."

Na tura fuska cikin kayan guga. Mama ta ce, "Wannan Ratih ɗin, a ƙarshe matuƙin yana dawowa. Na riga ki karantawa."

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na biya shagon Bi Icih, don dai hanyata ce. Kati ɗaya. Rediyon Tasik ba ta kai Batam, na sani, ba sai an faɗa min ba.

Ta leƙo tana cewa, "Yau kuma wace ce?"

Biro ɗaya na fita da shi. Sunana gajere ne, bai cika layin ba.