Sautin Jitar Minggus

Amahusu, Ambon, watan Mayu

Zuwa ga yayata Usi Koba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da sanyin Holan ɗinku. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Bayan haka, tsirkiyar da kika aiko ta iso. Amma Usi, wa ya zaɓa miki ita? Na ɗaura, na kwantar da jitar a cinya, na ja ƙarfe a kai, sai na ji kamar ana kiɗa a cikin bargo. Siraran sautin nan na sama duk sun mutu. Na ce miki mai kauri, kin aiko mini da zaren ɗinki.

Yanzu ina zargin maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda ke ɗaukar sauti. Iskar teku ta cinye shi. Ki nemo mini sabo, kuma kada ki bar mai kanti ya lallaɓa ki da na jitar yara.

Maganar ta gaggawa ce. An sa bikin jikata Welma watan Oktoba. Ni na yi miki kiɗan shigowa ranar aurenki, ni na yi wa uwarta Sin, kuma ina raye ba za a shigo da Welma da kibod ɗin kiɗan ubanta ba. Ulis surukin kirki ne, amma abin da yake dannawa injin lissafi ne.

Kada ki bugo waya. Layin nan ya lalace, ba a jin komai sai shuuu. Ki rubuto.

Ƙanenki,
Minggus

Assen, watan Yuni

Minggus,

Na gaishe ka, na gaida Sin da mutanen gida. Ubangiji ya kiyaye ku.

Zaren ɗinki? Tsirkiyar nan ita ce wadda ka rubuta mini sunanta da hannunka, har ka ja layi biyu a ƙasa! Da sandata na hau bas na je har Groningen. Mai kantin yanzu in ya hango ni sai ya jawo mini kujera, yana tambaya ko ƙanena ya samu sautin nasa. Bara ka ce ƙarfen hannunka ya yi nauyi, na aiko wani. Ka ce faratan ƙarfen suna matse maka yatsa, na aiko. Ka ce lasifikar akwatin sautinka ta tsage, na aiko, har 'yan kwastan suka buɗe ta suna neman abin da babu. Kwanaki ma cewa ka yi in sayo maka jita mai ƙafafu da feda irin ta Amurkawa. Ni Bankin Holan ce?

Ga maganaɗisun nan na sa a hanya. Daga shi na rufe.

Maganar waya kuwa, ranar Lahadi na yi hira da Sin a kan wannan layin, har ina jin zakaran maƙwabta. Kai kaɗai layi ke lalace wa?

Ka sa a kawo mini garin sagu in an samu mai zuwa. Papeda, tuwonmu na gida, in da garin ƙasar nan aka tuƙa ta ba ta ciyuwa.

Yayarka da ta gaji,
Koba

Amahusu, watan Agusta

Zuwa ga Tante Koba,

Ina miƙa gaisuwa cikin girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ni ne Ulis, mijin Sin. Ki gafarce ni da na rubuto ba tare da Papa ya sani ba.

Tante, jitar Papa ba abin da ya same ta. Kunnensa ne. Kin san wannan jitar ba kamar sauran ba ce, da mutum zai danna gaɓa sauti ya fito daidai ko yana barci. Ƙarfe ake zamewa a kan tsirkiya, kunne ne ke ce wa hannu tsaya nan. To, na Papa ya daina faɗa masa. Yana tsayawa ƙasa da wurin kaɗan, ya ƙure murfin sauti, ya dube mu yana murmushi.

Wancan makon a wajen gwajin kiɗa, mai waƙarmu Oom Tinus ya aje makirufo ya ce, "Bung Minggus, mage ce ta maƙale a ƙofa ko kai ne?" Papa ya ce, "Na gode, sabon maganaɗisu ne, daga Holan." Kowa ya sunkuyar da kai. Sin ta ce masa a je asibiti, ya ce ita ce ta koyi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gulma, ya ƙi cin abinci har yamma.

Dangin angon daga Jakarta za su zo. Welma ta yi mini kuka, ta ce ba ta so a yi wa Opa, kakanta, dariya a ranar aurenta, kuma ba ta so a hana shi. Ina tsaka mai wuya. Ke kaɗai yake jin tsoro, don Allah ki yi masa magana.

Naki cikin biyayya,
Ulis Pattiasina

Assen, watan Satumba

Ulis,

Na amsa gaisuwarka. Wato kun sani tun bara, kuka bar ni ina yawo da sanda ina sayen ƙarafa? Ku duka gidan kuna da baki, sai ni da ke bayan teku za ku ɗora wa? Sannunku!

Na rubuta masa. Na faɗa masa ɓaro-ɓaro, ban ɓoye komai ba. Ka san amsar da ya ba ni? Layi biyu: wai tsufa ya fara taɓa mini kai, kuma in aiko da sabuwar wayar jona jita, ta yanzu tana shan sauti.

Na yi nawa. Kai ne uban amarya, kai ne shugaban makaɗa. Ka san yadda za ka yi, amma kada ka kunyata mini ƙane a gaban mutanen Jakarta.

Tante Koba

Amahusu, watan Oktoba

Usi,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi biki, an gama lafiya, saura gajiya da wankin kwanuka.

Ina ma kina nan, ke mai cewa kunnena ya mutu! An kafa rumfa tun daga ƙofar coci har bakin titi, kifi gasasshe kuwa har ya yi saura. Ulis ya ce a kai akwatin sautina can gaba kusa da manyan lasifikoki, ya fuskanci jama'a, haka ƙwararru ke yi a Jakarta. Na ce to, yau dai ka yi tunani. Da Welma ta shigo cikin farin kaya na ja ƙarfen nan tun daga ƙasa har sama, mata suka fara share ido. Uban ango da kansa ya zo ya riƙe hannuna. Har Tinus, mai baƙin bakin nan, ya ce bai taɓa jin na yi kiɗa mai tsabta haka ba. Welma ta rungume ni, ta ɓata mini riga da hoda.

Saboda haka ki gaya wa mai kantinki maganaɗisunsa ba laifi. Bai kai na da ba, amma ba laifi.

Ƙanenki,
Minggus

Amahusu, watan Oktoba

Tante Koba,

Gaisuwa cikin girmamawa. Ga faifan bikin nan na haɗo miki da garin sagu. Kafin ki kalla, gara ki ji daga bakina.

Akwatin Papa ba a kunne yake ba. Na kai shi nesa, na bar shi a kashe. A kibod ɗina akwai wani sauti da ke kwaikwayon irin jitarsa. Na zauna a bayansa ina kallon hannunsa, in ya ja ƙarfe sama in bi shi, in ya girgiza in girgiza. Shekaru nake bin sa, na san inda hannun ke son zuwa. Makaɗa sun sani, Sin ta sani. Welma da baƙi ba su sani ba.

Ba wanda ya yi dariya, Tante. Amma tun ranar ba na iya haɗa ido da shi. Jiya ya ba ni kan kifi da hannunsa, ya ce na fara hankali.

Ki yi mini faɗa in kin ga dama, amma don Allah a bar kaza cikin gashinta.

Naki,
Ulis

Assen, watan Nuwamba

Ƙanena abin ƙaunata,

Ina gaishe ka da kyau. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai. Ashe ni ce na yi kuskure, ka yafe mini. Kai gwani ne tun muna yara, duk Ambon an shaida. In kana bukatar tsirkiya ko wani abu, ka faɗa kawai, zan je in sayo.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya.

Yayarka,
Koba

Amahusu, watan Disamba

Usi,

Na gaishe ki. Tun da aka haife ni ba ki taɓa ce mini gwani ba, balle abin ƙauna. Wato Ulis ya faɗa miki. Yaron nan ba ya iya riƙe magana.

Kada ki wahalar da kanki. Akwatin sautina mai kwalaben lantarki ne a ciki, in ya yi waƙa biyu ba ka iya ɗora masa hannu don zafi. Da aka tashi ranar, ban bar kowa ya ɗauke mini shi ba, na je da kaina. Na taɓa shi, sanyi ƙalau. Na daɗe a tsaye a wurin, sannan na je aka ɗauke mu hoto.

Kada Ulis ya san na sani, kada Welma ta ji. Kuma ki daina zuwa Groningen.

Abu ɗaya nake so. An ce faifan yana wurinki. Ki saurara mini wurin shigowar amarya, ki gaya mini gaskiya irin taki ta da: Ulis ya yi shi daidai?

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Minggus