Takardar Gwaji Ta Ce Lafiya, Filta Ta Ce Akwai Magana

Zuwa ga yayana Desmond,

Gaisuwa mai yawa daga nan Karumba, da fatan wasiƙar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da Glenys. Yaya ƙafar taka da sanyin Tasmania? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan duk lafiya, damina ta ɗauke, 'yarmu Bronte ta koma makaranta, maigidana Warwick kuma bakinsa na nan yadda ka bar shi.

Matambayi ba ya ɓata, kai kuma ka tsufa a cikin injuna, shi ya sa na zo gare ka. Bara Warwick ya ƙara wa injin jirginmu na kamun jatan lande wata filta ta gefe, wadda ke jan baƙin mai kaɗan-kaɗan tana tace shi fiye da ta asali. Ka san duk shekara kafin a buɗe kamu muna aika mai a kwalba zuwa ɗakin gwaji. Bana sakamakon ya dawo fes, burbushin ƙarfen da ke cikin man ya ragu da fiye da rabi. Warwick ya manna takardar a jikin firiji, duk wanda ya shigo shan shayi sai ya ce masa ya zo ya ga tsoho ya koma saurayi.

Ni kuwa abin ɗaure mini kai ya yi. Inji mai shekara goma sha tara, ta yaya zai daina cin jikinsa dare ɗaya? Na tambaye shi ina ya ɗibi man, ya ce a bututun da ke fitowa daga sabuwar filtar, don nan ya fi sauƙin kai hannu. Na ce masa ashe wanka ya yi wa shaida kafin ya kai ta gaban alƙali. Ya ce ni dai da ban tsinci abin zargi ba, abinci ba ya mini daɗi. Na matsa har ya yanka filtar, muka shimfiɗa takardarta a rana. Yaya, ƙyallin tagulla ne birjik, boris ɗin da sandar injin ke juyawa a kai ne ke cinyewa a hankali. Da ya fita da jirgin, a tsakiyar teku injin zai tsaya masa.

To ga tambayata. In mun ɗiba kafin filtar, gwajin zai faɗi gaskiya, ko dai ta riga ta kwashe abin da za a gani? Na sa maka guntun takardar filtar a cikin ambulan nan, ka duba.

Jiya jirage suka fita, namu yana ɗaure, injin a buɗe. Warwick ya tsaya yana kallonsu, sannan ya dawo gida ya cire takardar nan daga firiji da kansa. Raina ya sosu, amma ga shi zaune yana cin abinci a gabana.

Ka gaida Glenys da Rhys da Inna Beryl.

Ƙanwarka mai kewarka,
Noeline